Ranar da Aka Kai Turbido Gaban Umda

Ɗazu ina zaune a bakin warsha, garejin nan namu, na ga ɗayanku ya zare kwayil daga motar wani mutum, ya cilla shi cikin garwar shara, ya ɗauko sabo daga kwali ya ɗaura, sannan ya karkaɗe hannu yana gaya wa abokinsa wai aikin wutar mota ba wuya. To, ku ajiye sifanonin nan ku matso, tun shayi bai huce ba. Abin da kuke yi a nan unguwar Ka'akiyya sunansa musanya. Mu a zamaninmu babu kwali, babu sabo. In abu ya mutu, kai za ka tashe shi da hannunka. In ya ƙi tashi, haka za ku zauna kuna kallon juna har ɗayanku ya gaji.

Iyayena daga ƙasar Kano suka taso a ƙafa, suka biyo ta Sudan za su aikin Hajji, ina goye a bayan uwata. Na yi wayo a ƙasa mai tsarki, a unguwar Jarwal, cikin rumfunan gwangwani da buhu inda yawancin mutanenmu suke zaune a lokacin. Babana ɗan dako ne. Da ya ga na fara tsawo sai ya ce bayansa ya isa gidan nan, ba sai an ƙara da nawa ba. Ya kama hannuna ya kai ni unguwar Zahir wurin Usta Rifat.

Usta Rifat Baturke ne, gajere, mai gashin baki kamar burushin takalmi. Da can mai gyaran wayar tangaraho ne. Da mutanensu suka kwashe suka tafi, shi ya zauna, ya ce ƙafarsa ta saba da ƙasar nan. Da motoci suka fara shigowa sai ya koma gyaran wutarsu. Larabcinsa gurgu ne, nawa kuma duk rabinsa Hausa, amma haka muka yi ta fahimtar juna shekara da shekaru.

Ranar farko bai ba ni tsintsiya ba, bai aike ni sayen shayi ba. Ya miƙo mini bakin wata waya ya ce, “Riƙe, ya walad, kai yaro. Ɗaya hannun kuma ɗora a jikin mota.” Na riƙe. Ya zagaya gaba ya kama handal, wato ƙarfen nan da ake murzawa a tayar da inji, ya juya shi sau ɗaya. Wallahi ban san lokacin da na isa bakin hanya ba. Hannuna tun daga yatsu har kafaɗa ya mutu murus, ina kallonsa yana reto kamar na wani. Usta ya leƙo ya ce, “Wannan ita ce sana'ar. Kun gaisa. Gobe ka zo da wuri.”

Abin da ya cije ni sunansa manyato. Ku ba ku taɓa ganinsa ba. Wani ɗan akwati ne mai nauyi, da maganaɗisu a lanƙwashe a kansa, da naɗin waya a cikinsa. Ba ruwansa da batir, ba ruwansa da fetur. Muddin an juya shi, zai haifi wuta ya aika wa fulogi. Kayan aikinmu duka ba su cika jakar fata ɗaya ba: filaya, sukundireba, siririn magagari, kawiyar narka dalma da muke ɗorawa a kan gawayi, kakin zuma, ƙaro, da tsummokaran siliki. Ma'auni kuwa, farcen babban yatsan Usta ne. Da shi yake auna tazarar bakin fulogi. Shi ya sa ba ya yanke farcen nan sai ya tabbatar ba aiki a gabansa, kuma in ya yanke, kwana biyu duk motar da ta fita daga hannunmu sai ta riƙa tari.

Aikin farko da ya sakar mini ni kaɗai, manyaton wata babbar mota ce mai ɗauko alhazai daga Jidda. Zafin hanyar Bahra ya narkar da ƙaron da ke riƙe da wayar ciki, ya malalo, da aka kashe injin kuma ya sandare ya kama komai ƙam. Sai da na warware tsohuwar wayar kaf, na naɗa sabuwa. Wayar tagulla ce siririya kamar gashin jariri. Za ka naɗa layi, ka shimfiɗa siliki, ka shafa ƙaro, ka sake naɗa wani layin, kuma in ta tsinke a tsakiya ka koma farko. Ba a atishawa a kusa da ita. In an gama, sai a kai gidan burodin wani Babuhare da ke bayanmu, a jira ya kwashe burodinsa, tanda ta ɗan huce, a saka naɗin a ciki ya bushe. Ni da gaggawa na saka nawa tanda tana da sauran ƙarfi. Da na dawo na tarar ya yi ƙamshi, ya yi launin ƙosai. Usta ya shinshina ya ce a kawo zuma. Na sake daga farko.

Masu kawo mana aiki direbobi ne daga kowace kusurwa ta duniya: 'yan Sudan, Jawawa, Indiyawa, Somalawa, da namu. Tun da ba harshe ɗaya muke ji ba, kowa da baki yake kwatanta ciwon motarsa. Wani ya ce tana yin “tuf, tuf, fiii.” Wani ya kumbura kumatu ya yi kukan tinkiya. Akwai wani Bajawe da yake kwanciya a ƙasa yana shure-shure don mu gane yadda take yi a hawan dutse. Usta ya tsaya ya saurara da idonsa a rufe, sannan ya ce, “Fulogi na uku.” Sau da yawa kuma hakan ne.

Yanzu ga yadda Turbido ta shigo hannunmu. Wani attajirin Jidda ne ya aiko da ita gyara, doguwar mota ce ƙirar Italiya, ba ta da rufi sai tamfol da ake ja, jikinta a miƙe sumul tun daga hanci har wutsiya. Kafin mu gama gyaran ya sayi wata, ya aiko cewa Usta ya riƙe wannan a bakin wahalarsa. Direban da ya kawo ta ya ce irin wannan ƙirar Turawa “torpedo” suke ce mata. Larabawan unguwa suka mai da shi Turbid, mu Hausawa muka ƙara masa wutsiya ya zama Turbido. Ba wanda ya tambayi ma'anarsa. Ni nake tuƙa ta lokacin aikin Hajji, in kai mutane Mina da Arafat, sauran watanni kuma in kai marasa lafiya da amare. Har aka daina ce mini Sale ɗan Jarwal, aka koma Sale Turbido.

Sai babban yaƙin Turawa ya ɓarke. Mu ba mu ji ƙarar bindiga ko ɗaya ba, amma mun ji shi a cikinmu. Jiragen ruwa suka ɗauke ƙafa. Alhazai suka ragu har gidajen haya suka zama na tattabaru. Ba taya, ba fulogi, ba waya, fetur kuwa sai wane da wane. Manyan motocin alhazai aka jera su a kan duwatsu, awaki suna kwana a ƙarƙashinsu. Mutane suka koma wa raƙuma da jakuna, masu raƙuman suna wucewa ta ƙofar warsha suna yi mana sallama da wata irin murya. Muka koma like butoci da gyaran fitilun aci-balbal. Akwai watan da abin da ya shigo warshar nan gaba ɗaya shi ne injin niƙa gahawa ɗaya, shi ma ashe tsakuwa ce ta maƙale a ciki. Turbido muka ja mata tamfol a tsakar gida, kaza ta samu wurin ƙwai a kujerar baya.

A cikin shekarun nan ne Baba Tanimu ya kusa sa a kore ni daga ƙasar. Baba Tanimu dattijo ne mutumin Yawuri, masunci a gida. Ya zo Hajji, yaƙi ya rufe masa hanya, sai ya kama sayar da ruwa, garwa biyu a kan gora a kafaɗa. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya son a yi hira ba da shi ba, alhali Larabcin nasa bai wuce na gaisuwa da ciniki ba. Cikin gidajen da yake kai wa ruwa akwai na wani attajiri mai rediyo. Wata rana ya shiga da garwarsa ya tarar da manyan mutane sun yi tsit suna sauraro, mai labarai yana ta cewa turbid ya nutsar da jirgi, turbid ya hallaka mutane. Baba Tanimu ya ji kalma ɗaya da ya sani. Ya sauke garwa, ya gyara tsayuwa, ya bugi ƙirji ya ce musu da guntun Larabcinsa, “Turbid? Akwai! Wurin Sale, a Zahir. Babba! An rufe da tamfol. Ni nake ba shi ruwa.”

Washegari bayan la'asar ina like gindin wata buta sai ga askarawa biyu. Ba su shigo ba. Daga tsallaken hanya suka tsaya suna ƙwala kira.

“Kai ne Sale?”

“Ni ne.”

“Kana da turbid?”

“Akwai,” na ce, “tana ciki. Ku shigo ku gani.”

Suka ƙara ja da baya. Babbansu ya ce Umda yana nemana, ni da Usta da abin, yanzun nan. Umda shi ne mai unguwa, kuma a hannunsa maganar zaman baƙo take. Ni kuwa ko takarda ɗaya ba ni da ita. In ya ce a rufe warsha, an rufe. In ya ce a tasa ƙeyata zuwa Jidda, an tasa, ko da yake ban san jirgin da za a sa ni ba.

Ba fetur, don haka turawa za a yi. Muka kori kaza, muka hura tayoyin da suka fi faci yawa. Na shiga na kama sitiyari, Usta da Baba Tanimu, wanda aka riga aka kamo a matsayin shaida, suna turawa a baya. Askarawan suka shige gaba can nesa suna ɗaga hannu suna cewa a kauce. Labari ya riga mu isa. Masu kanti suna ta rufe ƙofofi, mata suna kwashe yara. Wani mai sayar da wake ya ɗauki tulunsa da zafinsa ya ruga lungu. Waɗannan fa mutane ne da na sha kai 'ya'yansu ɗakin miji a cikin motar nan.

Umda yana zaune a mirkaz, dogayen gadajen igiyar nan da ake jerawa a bakin hanya, da sandarsa a kan cinya. Ya sa aka tsayar da mu nesa. Ya dubi motar ya daɗe.

“Wannan ai mota ce,” ya ce.

“Mota ce, Allah ya ja da ranka,” na ce.

“To ina turbid ɗin?”

“Ita ce.”

Ya juya wurin Usta. “Ya Usta, kai dattijo ne, ka ji tsoron Allah. Ban da motar nan, akwai wani turbid a cikinta?”

Usta mutum ne da ba ya ƙarya ko da za ta cece shi. Ya yi tunani ya ce, “Akwai ƙarami. A gaban kujera.”

Wurin ya watse. Wani ya bar takalminsa. Ni kaina sai da na waiwaya na dubi kujerar. Ashe direbobin Turkawa ɗan akwatin nan na gaban mota da ake ajiye tarkace, shi suke kira idon torpido. Umda, daga bayan gadonsa, ya ce in buɗe a hankali. Na buɗe. Na fito da albasa biyu, da busasshen burodi, da tsumma, da ƙwai ɗaya da ban san yadda kazar ta kai shi can ba. Askari ya karɓi ƙwan da hannu biyu ya kai wa Umda yana tafiya a kan yatsun ƙafa.

Mutane suka fara dawowa, kowa da iliminsa. Wani Bahindi mai kanti ya ce shi a Bombay ya san torpedo, ɗan ƙullin takarda ne da yara ke bugawa da ƙasa ranar biki ya yi tau. Usta ya ce alhazan ƙasarsu na yanzu in suka ce wane yana da torpil, suna nufin yana da babban mutum a bayansa, kuma da mu muna da irin wannan da ba a turo mu nan ba. Umda ya buga sanda ya ce a kawo mai shaida.

Nan aka samu matsala. Baba Tanimu ba zai iya bayani da Larabci ba, kuma duk wurin ba mai jin Hausa sai ni. Haka na zama tafintan wanda ya kawo ƙarata.

“Sale, ɗana,” ya ce, idonsa ya cika da ƙwalla, “gaya masa ni fa yabonka na yi. Na ji ana ta ambaton motarka a rediyo, na ce ashe yaron nan ya yi suna har ƙasar Turawa.”

Na fassara. Umda ya ce, “Ka ce kana ba shi ruwa.”

“Lagireto, Baba?” na tambaye shi.

“Shi fa. Bakin nan na gaba.”

Umda ya dafe kai. Ya ce shi ba zai sallami kowa ba sai ya san me ya haɗa motar amare da abin da ke nutsar da jirgi, don gobe in an tambaye shi daga sama ya san abin da zai faɗa. Aka aika a kira Dakta Abdulmun'im, wani tsohon likita Bamisire da ya ajiye aiki ya zo ya ƙare kwanansa kusa da Harami. Ya zo da lemarsa, aka ba shi wuri, ya saurari komai. Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya goge.

“Ya Umda,” ya ce, “duk cikinsu ba wanda ya yi ƙarya. Kalmar tsohuwa ce, ta Rumawan da. Asalin ma'anarta sandarewa, irin mutuwar da gaɓa ke yi. Su suka raɗa wa wani kifin teku, faffaɗa kamar faifai, wanda in ka taɓa shi hannunka zai mutu. Mu a Iskandariyya ra'ad muke ce masa. Da Turawa suka ƙera bom na cikin ruwa, sai suka ba shi sunan kifin, tun da shi ma ɓoyewa yake ya sandarar da jirgi. Daga baya suka yi mai gudu, dogo sumul. Da masu ƙera mota suka yi mota doguwa sumul, sai suka ba ta sunan bom ɗin don ta yi kasuwa. Shi ke nan. Mota ta ci sunan bom, bom ya ci sunan kifi.”

“Kifi mai kashe hannu,” Umda ya ce. “Ya Dakta, da girmanka?”

“Wallahi akwai shi. Likitocin da har ɗora shi suke yi wa mai ciwon gaɓoɓi a ƙafa.”

Umda bai gamsu ba. Sai Usta ya ce shi bai san kifi ba, amma in mutuwar hannu ake son gani, motar tana yi. Umda ya ce a gwada a kan mai shaida, tun da shi ya tara mutane. Na buɗe bonet, na zaro wayar fulogi na miƙa wa Baba Tanimu, na ɗora ɗaya hannunsa a jikin mota.

“Me zai faru, Sale?”

“Gaisawa za ku yi, Baba.”

Na juya handal a hankali, saboda tsufansa. Dattijon nan ya yi tsalle sama, hularsa ta yi nata wuri, ya dira yana yarfe hannu yana ihu, “Minjirya! Minjirya ce! Wallahi minjirya ce a ciki!”

Umda ya ce me yake cewa. Na ce sunan wani kifi ne na ƙasarmu. Baba Tanimu ya manta da kuka, ya shiga kwatance: kifin kogi ne, mai ƙiba, mai santsi, da gashin baki, in ya shiga taru duk wanda ya kai hannu sai ya kira uwarsa. Dakta ya miƙe tsaye. Ya ce wannan ma akwai shi a kogin Nilu, shi ma ra'ad ake ce masa. Suka rungume juna, likita da mai ruwa, kowa yana magana da harshensa, suna gwada tsawon kifi da hannu.

Umda ya juya ƙwan nan a tafinsa. Can ya ce, “Ni an ba ni unguwa ne, ba a ba ni kogi ba. Ba ni da hurumi a kan kifi. Ku kwashe motarku. Amma kada in sake jin sunan nan a bakin kowa sai yaƙi ya ƙare.” Ya riƙe ƙwan.

Da safe ina buɗe warsha na tarar da Baba Tanimu yana wulwula hannu kamar fanka. Ya ce kafaɗar da gora ta kashe masa, wadda ya daɗe ba ya iya ɗagawa, ta saki. Kuma kafin ya zo ya riga ya gaya wa duk gidan da yake kai wa ruwa. Kafin azahar tsofaffi sun yi layi a ƙofarmu, mai gwiwa, mai kwankwaso, mai diddige. Usta ya ce shi ba boka ba ne, a watse. Sai wani ya ajiye kwanon wake da man zaitun da burodi mai zafi a kan teburin aiki. Usta ya dubi kwanon, ya dube ni, ya ce, “Juya a hankali, ya walad.”

Da wannan muka ci abinci har ƙarshen yaƙi. Ba mu yanka wa kowa farashi ba. Mai dabino ya kawo dabino, mai gawayi ya kawo gawayi. Dakta ya zo ya kafa mana doka: ban da mai ciwon zuciya, ban da yara, ban da mai ciki, kuma kada waya ta kusanci kan mutum. Ku ma ina gaya muku, kada in ji wani ya gwada wannan da motocin yanzu, kashe mutum za ku yi. In kun tambaye ni ko yana warkarwa, ni dai abin da na gani shi ne, duk wanda ya sha wutar nan yakan fita da sauri fiye da yadda ya shigo, kuma yakan daɗe bai sake yi wa iyalinsa ƙorafi ba.

Aiki na ƙarshe a wannan layin, wani Badawi ne ya sauko daga duwatsu da raƙuminsa yana ɗingishi da ƙafar baya. Ya ce ya ji labarinmu a kasuwar dabbobi. Usta ya ce shi bai karanci raƙumi ba. Badawin ya sauke salkar man shanu. Usta ya ce to, ilimi ai nema ake yi. Muka ja raƙumin da baya har gaban mota, don wayar ba ta da tsawo. Na ɗaura waya ɗaya daga jikin mota zuwa ƙafarsa, Usta ya riƙe ta fulogi da tsumma ya ɗora a gwiwar, Badawin yana riƙe da akala yana yi wa dabbar magana mai daɗi. Na sunkuya na kama handal. Na ce a raina wannan ba tsohon Jarwal ba ne, ƙato ne, sai na juya da ƙarfina duka.

Na ji iska ta wuce ta saman kunnena. Da ban sunkuya ba, da yau wani ne ke ba ku labari. Ƙafar ta sauka a tsakiyar lagireto, ya lotsa ciki kamar an taka kwano. Raƙumin ya yi wani kuka, ya tsinke waya, ya fizge akala, ya fita ta ƙofa ya miƙe hanyar Jarwal a guje, ƙafa huɗu cif, ba alamar ɗingishi. Badawin ya bi shi yana waiwayowa yana ɗaga hannu, “Allah ya yi muku albarka! Allah ya ƙara ilimi!” Muka tsaya muna kallon tsatsa da ruwa suna tsiyaya daga hancin motar.

Ba a yi nisa ba aka ce yaƙi ya ƙare, jirage suna tafe da alhazai. Fetur ya fito, an samu tsofaffin tayoyi, kowa ya sauke motarsa daga kan duwatsu, mu kuwa tamu ba lagireto, kuma ba inda za a samu wani. Makonni na yi a kansa da kawiya. Na miƙe bututun da za su miƙu, na matse bakin waɗanda suka fashe na like da dalma. Ƙananan ramukan da suka rage muka cusa musu sabulu da dabino, muka zuba garin lalle a cikin ruwan don ya toshe sauran daga ciki. Ya riƙe, amma sai ana ba shi ruwa kamar mai zazzaɓi. Don haka muka ɗauki Baba Tanimu aiki, ya zauna a kan madigadi da buta.

Muka samu alhazai, wasu tsofaffin Jawawa da suka shekara da shekaru suna jiran hanya ta buɗe. Ranar Arafat muka taso daga Mina da hantsi, dukanmu cikin harami, Usta a gefena. Daidai Muzdalifa dalmar ta saki. Tururi ya tashi, ruwan lalle ya feso ja wur ya wanke Baba Tanimu, injin ya yi shiru. Na duba na ga ba abin da zai liƙu a wurin nan. Tsofaffin nan ba mai iya taka wannan tazarar a cikin rana, kuma kun sani, wanda ya rasa Arafat ya rasa Hajji. Motocin da ke wucewa duk a cike suke har rufi. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya kama hannuna yana magana da harshensu yana nuna gabas. Ban ji kalma ko ɗaya ba, amma na gane.

Muna nan tsaye sai muka ji sallama daga sama. Badawin nan ne a kan raƙuminsa, yana tafe yana rangaji. Ya dubi motar, ya dubi Baba Tanimu da ya rine, ya ce, “Subhanallah, likita ba lafiya? Ku sa mata wutar nan taku mana!”

Usta ya ce ba ta ci a jikin mai ita. Badawin ya sauko ya kwance igiyar kayansa. Raƙumin kuwa da ya hangi hancin motar sai ya fara ja da baya yana gurnani, ya ƙi matsowa ko taku ɗaya. Sai da muka haɗa igiyarsa da tamu ta yi tsawo, mai shi ya rufe masa ido da mayafi, sannan aka ɗaura. Tsofaffi suka zauna a ciki. Ni da Baba Tanimu muka koma baya muna turawa. Raƙumin da ya ji abin yana biye da shi, sai ya ƙara sauri don ya tsere masa, mu kuma muka bi da gudu.

Haka muka shiga Arafat kafin azahar, Jawawa suna Labbaika da ƙarfi suna kuka, raƙumi a gaba, Turbido a baya. Usta Rifat yana riƙe da sitiyari da hannu ɗaya, ya miƙe wuya, yana matsa ƙahon roba yana daka wa masu tafiya a ƙasa tsawa su ba mota hanya.